Gero, Maiwa, Dauro, Acca, Tamba: Wanne Ne Wanne A Sunan Kimiyya? Tambayoyi Da Amsoshi

Tambayoyin nan suna ta maimaita kansu ne daga mutane kala uku, ɗaliban aikin gona masu rubuta furojet, da mata masu sana'ar garin kunu da ke son buga leda mai suna, sai kuma masu ciwon suga da likita ko wani bidiyo ya ce musu su nemi "millet" suka shiga kasuwa suka rasa me za su ce a auno musu. Shi yasa aka tattara su wuri ɗaya.

Wai shi "millet" ɗin nan ba gero ba ne kawai?

A makarantar firamare haka aka koya mana, millet gero, shikenan. Amma a wajen masana tsirrai kalmar ba sunan tsiro ɗaya ba ce, laƙabi ne da Turawa suka ɗora wa duk wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi da ke jure fari, kuma tsirran da ke ƙarƙashinsa sun haura goma, wasunsu ma dangantakarsu da juna nesa ce sosai. Gero yana ciki, tamba tana ciki, acca da iburu suna ciki, ga wasu na Indiya da Sin da ba a taɓa noma su a ƙasar Hausa ba. Lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 a matsayin shekarar waɗannan hatsi, bisa shawarar da Indiya ta kawo, duka dangin ake nufi har da dawa, ba gero shi kaɗai ba.

To kun ga duk wanda ya ce muku "millet na maganin kaza", tambayar farko ita ce wanne daga ciki.

Mene ne sunan gero a kimiyyance, kuma me yasa kowane littafi da nasa?

Sunan da aka fi gani shi ne *Pennisetum glaucum*. A Turanci pearl millet, wasu tsofaffin littattafai su ce bulrush millet. Idan kuka buɗe littafin aikin gona na shekarun 1960 zuwa 1980 za ku ga *Pennisetum typhoides*, wani wurin *Pennisetum americanum*, wani *Pennisetum spicatum*, duk geron nan ne dai na fura, ba wani abu sabo ba ne, masanan ne suka daɗe suna jayayya kan wane suna ya riga wane.

Sannan a 2010 aka zo da binciken ƙwayar halitta ya nuna cewa gidan *Pennisetum* da gidan *Cenchrus* abu ɗaya ne, sai aka haɗe su, gero ya koma *Cenchrus americanus*. Abin dariyar shi ne *Cenchrus* ɗin nan gidan ƙarangiya ne, *Cenchrus biflorus*, wato a takarda yanzu gero da ƙarangiyar da ke maƙale wa mutum a wando 'yan gida ɗaya ne, haka kyasuwa ma da aka sani da *Pennisetum pedicellatum* ta bi su can. Kuma kar kalmar americanus ta ruɗe ku, gero ba daga Amurka ya zo ba, kuskure ne tun daga Linnaeus, masanin da ya raɗa masa sunan a 1753, kuma dokar sanya suna ba ta yarda a canza suna don kawai ma'anarsa ba daidai ba ce. Asalin gero nan yankinmu ne na Sahel, ɗaya daga cikin mafi tsufan shaidun nomansa an tono ta ne a kwarin Tilemsi da ke arewacin Mali, kusan shekara 4500 da suka wuce.

Sunayen biyu duka suna aiki a yau. Yawancin cibiyoyin noma irin su ICRISAT har yanzu *Pennisetum glaucum* suke rubutawa, masu ajiyar tsirrai kuma sun koma *Cenchrus americanus*.

Maiwa da dauro fa, mene ne nasu sunan?

Nan ne mutane suke ƙin yarda amma gaskiyar kenan, suna ɗaya ne da na gero. Gero, maiwa, dauro, ukun nan duk *Pennisetum glaucum* ne, idan suka yi fure lokaci ɗaya a gona ɗaya suna barbarar juna ba wata matsala. Abin da ya raba su lokaci ne da yadda ake noma su. Gero shi ne mai sauri, a shuka da ruwan farko a yanka cikin kwana 70 zuwa 100, shi yasa yake fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina. Maiwa kuwa ba ta gaggawa, ko yaushe aka shuka ta sai ta jira rana ta fara gajarta wajen ƙarshen damina kafin ta fitar da kai, ta kan kai wata huɗu zuwa biyar ko fiye, karanta dogo. Shi kuma dauro ba a ma shuka shi kai tsaye yawanci, rainonsa ake yi a wuri ɗaya sannan a cire a yi dashe kamar shinkafa, kuma an fi saninsa a kudancin Kaduna da Filato da Nasarawa inda ruwa ya fi yawa.

Manomi da ya ce maiwa daban gero daban bai yi ƙarya ba fa, a gona daban suke, a kasuwa farashinsu daban, matar da ke dama fura ma za ta gaya maka bambancin. Kawai dai sunan kimiyya a matakin jinsi yake tsayawa, ba ya sauka ƙasa ya rarrabe irin wannan, a nan Hausa ta fi Latin zurfi. Kuma ba mu kaɗai muke rabawa haka ba, Zabarmawa suna da haini mai sauri da somno mai jinkiri, a Senegal akwai "suna" da "sanyo", a arewa maso gabashin Ghana suna da nara da ziya. Duk tsiro ɗaya.

Zango, SOSAT, Ex-Borno, HKP, su kuma mene ne?

Sunayen iri ne a cikin geron, ba jinsi ba. Zango shi ne mai doguwar zangarniyar nan da aka sani a yankin Maraɗi da Damagaram da kan iyaka, wadda takan haura mita guda. HKP daga haini kire na Zabarmawa aka tace shi a Nijar. SOSAT-C88 a Mali aka fara haɗa shi, Cibiyar Binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri, wadda ita ke da alhakin gero a Najeriya, ta sake shi ga manoma a 2000, daga baya Super SOSAT ya biyo. Akwai kuma Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe da aka saki a Nijar a 2018. Yadda ake rubuta su kusa da sunan kimiyya yana cikin amsar ƙarshe.

Shibra da ke fitowa cikin gero ita ma gero ce?

Rabi da rabi. Akwai geron daji a Sahel wanda shi ne kakan na gida, to idan na daji ya barbari na gida sai a samu wannan mai siririyar zangarniya da ke zubar da ƙwayarta ƙasa tun kafin a zo yanka, ita ce shibra. Tana ƙarama ba ka bambanta ta da gero sai ta fid da kai. A littattafai za ku gan ta a ƙarƙashin sunan geron dai amma da ƙarin suna na uku, wasu su rubuta *stenostachyum* wasu *sieberianum*, kuma Turawan da suka yi bincike a Nijar da sunanta na Hausa suke kiranta a rubuce rubucensu.

Dawa tana cikin dangin ko ba ta ciki?

Dawa *Sorghum bicolor* ce, gidanta daban da na gero kwata kwata. Amma Indiyawa suna lissafa ta ciki, suna ce mata jowar ko great millet, Faransawa ma na da suna ce mata gros mil, to daga nan rikicin ya samo asali. A Najeriya da Ghana kuma guinea corn ake cewa.

Ita ma labarin iri ɗaya ne da na maiwa da dauro da aka yi bayani a sama. Kaura, farafara, jar dawa, masakwa da ake dasawa a firgin Barno da arewacin Kamaru bayan ruwa ya janye, takanda da ake sha kamar rake, har karan dafi da ake rina fata da shi, duka *Sorghum bicolor*. Tun 1972 masana suka kasa ta gida biyar, guinea da caudatum da durra da kafir da bicolor, bisa siffar kai da ƙwaya, farafara tana cikin guinea mai sakakken kai, kaura kuma tsakanin durra da caudatum take.

Acca da iburu abu ɗaya ne?

A'a, nan kuma akasin gero da maiwa ne, mutane suna haɗa su alhali jinsi biyu ne. Acca ita ce *Digitaria exilis*, wadda duniya ta sani da fonio, tsofaffin Turawa kuma suka sa mata hungry rice, sunan da bai dace da ita ba ko kaɗan. Iburu kuma *Digitaria iburua*, baƙar acca kenan, ya fi ta tsayi, ɓawonsa duhu, kuma nomansa bai yaɗu ba, Filato da kewayenta sai 'yan wurare a Nijar da Togo da Benin. Ku lura da sunan, masanin tsirrai Otto Stapf da ya raɗa masa shi a 1915 kalmar Hausa ya ɗauka ya yi mata wutsiyar Latin.

A kasuwar Jos idan an surfe su duka "acca" za a ce maka, sai ka tambaya fara ko baƙa. Ƙasar da ta fi kowa noman acca ita ce Gini, musamman tuddan Futa Jalon, a Najeriya kuma cibiyar Badeggi ta jihar Neja ce ke binciken ta. Harkiya da ake yanka wa doki ita ma 'yar gidan *Digitaria* ce, in ka dubi kanta da kyau za ka ga kamar.

An ce in nemi ragi, a ina zan samu a Najeriya?

Tamba ce. *Eleusine coracana*, finger millet a Turanci saboda kanta kamar yatsun hannu da aka ɗan dunƙule. Indiyawa su ce ragi ko mandua ko nachni gwargwadon jiha, Waswahili wimbi ko ulezi, Habashawa dagusa. Asalinta ma Afirka ce, tuddan Habasha zuwa Yuganda, daga nan ta tsallaka Indiya tun dubban shekaru. Wallahi abin takaici ne ka ga an sayi ƙaramar ledar garin ragi da aka shigo da ita daga waje da kuɗin da zai auno maka mudu da yawa na tamba a Filato ko kudancin Kaduna, don kawai ba a san abu ɗaya ba ne. Abin da ake yabonta da shi gaskiya ne, kalsiyam ɗinta ya kai wajen miligiram 340 a giram 100, ta ninka shinkafa da gero nesa ba kusa ba.

Ciyawar tuji mai taurin cirewa ɗin nan 'yar uwarta ce, *Eleusine indica*. Sai tarko ɗaya, a Nepal tamba ce ake kira kodo, alhali a Indiya kodo wani hatsi ne daban, duba amsa ta gaba.

Bajra, kodo, kutki, kangni, sama... duk waɗannan da ake gani a bidiyon Indiya akwai su da Hausa?

Bajra gero ne, namu sak, daga Afirka ya je musu, a kudancin ƙasar su ce kambu ko sajje. Jowar dawa, ragi tamba, waɗannan ukun an gama da su. Sauran kuwa ba mu noma su, saboda haka duk wanda ya ba ku sunan Hausa gare su kai tsaye ku bi shi a hankali.

Kangni, wanda Tamil ke kira thinai wasu kuma korra ko navane, shi ne *Setaria italica*, foxtail millet, tsohon hatsin arewacin Sin ne kuma da Sinanci xiaomi ake ce masa, eh sunan wayar nan. Kutki ko samai shi ne *Panicum sumatrense*. Cheena shi ne *Panicum miliaceum*, za a dawo kansa a ƙasa. Sanwa ko jhangora shi ne *Echinochloa frumentacea*, ɗan gida ɗaya da burgu na bakin kogin Kwara, kuma a lura sama da samai da sanwa suna kama a kunne, su kansu 'yan kasuwar Indiya suna cakuɗa su a jikin leda. Akwai kuma korale, *Urochloa ramosa*, da wasu littattafai ke rubutawa *Brachiaria ramosa*.

Kodo na Indiya shi ne *Paspalum scrobiculatum*, kuma wannan yana fitowa da kansa a fadamun Afirka ta Yamma cikin shinkafa, ciyawar da aka rubuta da sunan tumbin jaki a tsofaffin littattafan tsirran ƙasar Hausa. Amma kar wani ya ce zai je fadama ya tsinko ya ci, kodo idan ruwa ya dake shi lokacin girbi yana kama wata fumfuna mai guba, a 2024 giwaye 10 suka mutu a gandun dajin Bandhavgarh na Indiya bayan sun ci gonarsa.

Na sayi "millet" a shago a Ingila, na dama kunu bai yi ɗanɗanon gero ba, me ya faru?

Ba gero aka sayar miki ba. A Turai da Amurka idan leda ta ce millet kawai ba wani ƙari, kusan kullum *Panicum miliaceum* ne, proso, ƙwayarsa rawaya ce mai sheƙi zagayayya, shi Rashawa da Yukren ke yin fate da shi, shi ne kuma cikin abincin tsuntsaye. Ba zai ba ki ƙamshin fura ba ko me kika zuba masa. Ki je shagon Indiyawa ki ce bajra, ko shagon 'yan Afirka ki duba ledar da aka rubuta mil ko pearl millet, ki tabbata ƙwayar toka toka ce ko mai ɗan kore.

A Nijar da Kamaru da Sudan da wane suna zan tambaya?

A Nijar idan Bahaushe ya ce hatsi to gero yake nufi yawanci, ba kamar Kano ba inda hatsi ya haɗa gero da dawa har da masara wani lokacin, wannan kaɗai ya isa ya rikita ɗalibin da ke tattara bayanai daga manoma a Maraɗi da Katsina lokaci guda. Da Faransanci mil ko petit mil shi ne gero, sorgho dawa, amma a bakin mutane a arewacin Kamaru da Cadi mil yakan haɗa duka biyun, mil rouge ma jar dawa ce ba jan gero ba. Fulani su ce gawri, ita ma kalmar takan rufe gero da dawa gwargwadon yanki. Barebari argum. A Sudan dukhun gero ne, abincin Darfur da Kordofan, dura kuma dawa. Can ƙasa a Namibiya mahangu, a Tanzaniya uwele, duk *Pennisetum glaucum*.

Dukhnu da zurra da ake karantawa a babin zakka su ne gero da dawa?

Haka malamanmu suke fassarawa kuma ya dace da abin da ake nomawa a nan, littattafan Malikiyya sun lissafa dukhnu da zurra da shinkafa kowanne jinsi mai zaman kansa, ba a haɗa wani da wani don cika nisabi. Abin lura kawai shi ne Larabcin zamani, a yau idan Balarabe ya ce zurra sau da yawa masara yake nufi, sai ya ƙara rafi'a kafin ta zama dawa, kuma masara ba ta iso wannan ɓangaren duniya ba sai bayan 1492. Haka dukhnu a Sham da Iraƙi yakan faɗa kan proso ɗin da aka ambata a sama. Maganar ko za a haɗa damin gero da na maiwa wajen lissafi, ta fuskar tsiro dai abu ɗaya ne, hukuncin kuma na malamai ne.

Tef na Habasha da irin alayyafo da ake sawa cikin jerin fa?

Tef *Eragrostis tef* ne, da shi ake injera, gidansu ɗaya da burburwa, ana lissafa shi ciki. Rajgira kuwa ƙwayar *Amaranthus* ce wato dangin alayyafo, kuttu kuma *Fagopyrum esculentum*, waɗannan biyun ba ma dangin ciyawa ba ne, 'yan kasuwa ne suka cusa su.

In babu leda babu rubutu, ya zan gane da ido?

In da hali a nemi kan, ya fi tsaba faɗin gaskiya. Zangarniya guda miƙaƙƙiya kamar sanda, gero ne ko maiwa ko dauro. Kai mai rassa, a dunƙule ko a sake, da manyan ƙwayoyi, dawa. Yatsu biyar ko shida masu kauri a lanƙwashe, tamba. Yatsu sirara kamar zare biyu zuwa huɗu a ɗan gajeren tsiro da bai wuce gwiwa ko cinya ba, acca, in yatsun sun fi yawa tsiron ya fi tsayi, iburu.

A tsaba kuma girma ake bi. Dawa ce babba, sai gero mai siffar ɗigon hawaye gefe ɗaya a tsuke, sai tamba zagayayya ja ja ko ruwan ƙasa kamar ƙwayar lalo, sai acca da ta kusa zama yashi. Da zarar an niƙa gari kuwa magana ta ƙare, ido ba ya rabawa, sai amanar mai sayarwa.

Na ga bincike ya ce millet na saukar da suga, da gero aka yi?

Sai an buɗe takardar an duba sunan Latin ɗin, yawanci yana layin farko na bayanin kayan aiki. Da yawa daga binciken da ake yaɗawa a WhatsApp a Indiya aka yi su da *Setaria italica* ko tamba ko kodo, sai mai fassara ya rubuta gero kawai. Ba wai gero ba shi da amfani ba ne, yana da ƙarfe da zinki da harza, kuma duk hatsin da aka ambata a nan babu mai sinadarin gulutin irin na alkama. Amma sakamakon tsiro ɗaya ba ya hawa kan wani haka kawai, sannan yadda aka sarrafa ma yana canza komai, kunun da aka tace gasara aka zubar da dusa aka cika masa sukari ba zai yi aikin tsabar da aka dafa da ɓawonta ba. Mai shan magani kar ya ajiye maganinsa saboda bidiyo.

To a furojet ko a jikin leda me zan rubuta?

A furojet kalma ta farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, duka a karkace, in da hannu ne a ja layi ƙarƙashi. Karon farko a rubuta cikakke har da wanda ya raɗa sunan, *Pennisetum glaucum* (L.) R.Br., bayan nan *P. glaucum* ya wadatar. Wanda ya zaɓi sabon suna ya rubuta *Cenchrus americanus* (L.) Morrone ya ambaci tsohon sau ɗaya, kar dai a yi ta tsalle tsakanin biyun daga babi zuwa babi, malamai na jan biro a kan wannan. Sunan iri ba a karkata shi, a tsakanin ɗigon zance guda guda ake sa shi, misali 'SOSAT-C88'. Kuma don Allah a faɗi ko gero ne ko maiwa ko dauro, da garin da aka samo shi, da sunan da manomin ya kira shi da bakinsa, domin kamar yadda aka gani a amsar maiwa sunan Latin ɗin shi kaɗai ba zai nuna wa mai karatu wanne aka shuka ba.

A leda kuma sunan Hausa a sama da manyan baƙi tunda shi mai saye ya sani, na Turanci cikakke a ƙasa, pearl millet ko finger millet ko fonio, ba millet tsirara ba, sannan na Latin da ƙananan baƙi cikin jerin kayan haɗi. In garin haɗi ne, misali tamba da gero da waken suya, a jera su daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, kar a rubuta garin tamba alhali tiya uku na gero aka zuba wa tiya ɗaya na tamba.